Ranar da Invergarth Ta Ara wa Carnbrae Ƙanƙara

Mai girma shugaban taro, mai girma Magajiyar Garin Carnbrae, dattawan ƙungiya, tsofaffin 'yan wasa masu haƙora da waɗanda suka bar nasu a filin nan, iyaye mata, 'yan makaranta, da baƙinmu na Invergarth da suka tsallako kogi, barkanku da yamma, barkanku da zuwa.

Ni ce Elspeth Rennie, kociyar ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garin nan. Ina godiya ga magina da suka ɗora mana sabon rufi, ina godiya ga matan coci da tukunyar shayinsu ba ta taɓa hucewa ba, ina godiya ga duk wanda ya ɗauki tsintsiya ko guduma.

Magana uku gare ni.

Ta farko, asali. Baƙi kan tambaye mu, "Wai 'yan Birtaniya ma suna hokin ƙanƙara?" Muna yi, mun daɗe muna yi, har zinare ƙasar nan ta ci a gasar Olamfik kafin yaƙin duniya na biyu. Amma mu nan Carnbrae, sojojin Kanada ne suka kawo mana shi lokacin yaƙin. Mahaifina Hamish yana saurayi, ya fito daga ramin kwal, ya ga sojojin suna sulu a kan daskararren tafki da sanduna a hannu. Suka ce ba su da mai tsaron raga. Ya ce bai iya sulu ba. Suka ce, "Ai shi ya sa. Tsaya nan kawai, kada ka kauce." Bai kauce ba har ya yi furfura.

Ta biyu, gaba. Mu masu haƙar kwal ne, Invergarth masunta ne. Suna ce mana masu baƙin wuya, muna ce musu masu ƙarnin kifi. A gidanmu ba a ambaton sunan garinsu a kan teburin abinci. Kocinsu, Dougal Kerr, ga shi can zaune yana murmushi, tun muna matasa ba mu taɓa rabuwa ba sai da baƙar magana.

Ta uku, ita ce ta tara mu yau. Kun tuna hunturun da dusar ƙanƙara ta danne tsohon rufin nan ya rufta. Allah Ya tsare, babu kowa a ciki. Amma hukumar gasa ta ce ƙungiyar da ba ta da fili ba ta da gurbi. Iyaye suka fara kwashe 'ya'yansu zuwa ƙwallon ƙafa, kuma ban ga laifinsu ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ƙarafa a kwance inda ubana ya tsare raga, na ce a raina shi ke nan, a hannuna abin zai mutu.

Wata safiya aka buga mini ƙofa. Na buɗe, sai ga Dougal, hula a hannu.

Na ce, "Dariya ka zo yi?"

Ya ce, "Na gama ta a mota. Ɗora shayi, tsohuwa."

Ya zauna a kicin ɗina, ya cinye mini biskit, sannan ya ce, "Filinmu, rabi naku ne, har ku yi rufi."

Na ce, "Me ka sha da safen nan?"

Ya ce, "Ke Elspeth, in kun mutu wa za mu riƙa lallasawa? Yarana ba sa tashi atisaye sai na ce musu Carnbrae na tafe. Kuma matata ta ce in na dawo ban faɗa miki ba, in nemi wurin kwana."

Jama'a, hunturu biyu muna tsallaka kogi. Suka ba mu ɗakin sauya kaya mai ruwan zafi, suka ɗauki mai sanyi. Matansu suka tarbi yaranmu da soyayyen kifi da dankali. Ranar da muka karɓi baƙuncinsu a cikin filinsu, magoya bayansu suka tashi suka bar mana kujerun masu gida. Na yi ƙwalla, ban ɓoye ba. Daga nan suka zura mana bakwai, muka rama ɗaya. Dougal ya leƙo ya ce, "Fili na ara miki, ban ce da raga ba."

Yara, ku dubi mutanen Invergarth can masu shuɗiyar riga. Ku yi musu ihu, ku ture su a jikin katanga, amma ku sani ba don su ba, da yau ba ku da inda za ku ɗaura takalmi.

Dougal, tashi mutane su gan ka. Kai za ka jefa faifan hoki na farko a sabuwar ƙanƙarar nan, ka buɗe wasanmu da ku na yau, kuma daga kan wannan ba ka da sauran alfarma a garinmu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka fara, Ya raya waɗanda za su gada. Allah Ya riƙe mana rufin nan, Ya tsare ƙasusuwan 'ya'yanmu da na 'ya'yansu, Ya mai da baƙinmu gida lafiya, ko da ransu a ɓace ne bayan mun lallasa su.

Na gode.