Kunne Ɗaya Nawa, Ɗaya Nata

A ɗakin jiran likita, wata mata ta zauna kusa da wani dattijo mai karkarwar hannu, abin jin sauti a kunnensa ɗaya, ɗayan yana lilo.

"Baba, sannu da jiki. Waƙa kake ji?"

"Ina fa waƙa, 'yar nan! Gurnani ne kamar na babbar mota daga nesa. Likita ke gwada mana, mu masu ciwon karkarwa, ko zai rage tangaɗi."

"Mahaifina ma an ba shi. Da sauƙi?"

"Alhamdulillahi, wata biyu ban faɗi ba. Da kuwa sai na dafa bango."

"Masha Allah! Amma ai kunne biyu ake sawa. Sautin dama daban, na hagu daban, sai sun haɗu a kai."

"Na sani. Ɗayan na mai ɗakina ne, ta je karɓo kati. Shekara arba'in ko rediyo tare muke ji. Ta ce ba mai sa mini abu a kunne ba ta ji ba."

"To ka yi mata bayani mana! Lafiyarka ce fa."

"Kin ga igiyar abin jin nan? Ko kamu biyu ba ta kai ba. Dole ta jera da ni, kafaɗa da kafaɗa, duk inda za ni."

"Kai, Baba! Ashe ita ce..."

"Yi shiru, ga ta nan. In kika faɗa mata, ke za ki riƙa tare ni?"