Zanen da Aka Yi wa Bulala

A ɗakin jira na asibitin ido, wata dattijuwa ta ƙura wa littafin ɗalibar da ke gefenta ido.

"Karatu kike ko zane, 'yata?"

"Karatu ne, Mama. Ni sai na zana abu yake zauna mini. Malamarmu ce ta gano haka, yanzu ni ke zuwa ta ɗaya."

Dattijuwar ta yi tsaki. "Ni nawa malamin bulala ya zuba mini saboda zane, ya ce kaina ba ya ja. Aji huɗu na tsaya. Shekara hamsin ina gaskata shi."

"Ai har yanzu kina iya komawa, Mama."

"Da waɗanne idanun?" Ta miƙa mata katinta. "Duba mini, wace rana suka rubuta za a yi aikin?"