Kwalaye Ɗari Takwas a Saman Motar Dogo

Inna: Salamu alaikum. Auta? Kina ji na?

Auta: Wa alaikumus salam. Inna, ina kwana? An tashi lafiya?

Inna: Lafiya lau. Ya gida, ya maigidan naki?

Auta: Yana lafiya, ya fita aiki tun da safe. Ya ƙafar taki?

Inna: Tana nan inda take. Ya yaran? Tarin ƙaramar ya sauka?

Auta: Ya sauka, har ta koma makaranta. Ya su Yaya da mutanen gida?

Inna: Duk lafiya. Ke, kashe rediyon nan, ba na magana da mutum biyu a lokaci ɗaya.

Auta: Na kashe. Ya aiki? Matan nan biyu masu taya ki yankan sabulu suna zuwa?

Inna: Suna nan zaune a tsakar gida, sun zuba mini ido. Kwalayen da kika aiko sun iso jiya da la'asar.

Auta: Alhamdu lillahi. Kin ga yadda suka buga sunanki a jiki?

Inna: Ban ce ki yi godiya tukuna ba. Sun jiƙe.

Auta: Sun me? Layin yana yankewa.

Inna: Na ce sun jiƙe. Ruwa ya kama su Dogo direba a hanya. A saman mota ya ɗaure su, tamfol ɗin kuma ashe duk huda ce. Da na kwance ɗaurin, hannuna ya nutse ciki kamar na taɓa kwaɓaɓɓen gari.

Auta: Inna lillahi. Duka ɗari takwas ɗin?

Inna: Na tsakiya ne suka tsira, tamanin da 'yan kai. Sauran na shanya su a kan tabarma, suka kanannaɗe. Na sa dutsen guga, rubutun ya bi dutsen. Wane irin kwali ne wannan da ba ya jure yayyafi?

Auta: Ai haka aka yi shi, Inna. In an yar da shi ya ruɓe ya koma ƙasa. Shi ya sa matar otal ɗin da kike kai wa sabulu ta ce shi take so maimakon leda.

Inna: To ya yi saurin ruɓewa. Ko sabulun bai gani ba.

Auta: Amma ai na ce miki a ba wa kamfanin aike, motarsu a rufe take...

Inna: Kada ki ce mini kin faɗa. Ban kira ki don ki karanta mini laifina ba. Kuɗin da kamfanin nan ya yanka ya kusa kamo kuɗin kwalayen kansu. A ɗauko abu marar nauyi a karɓi kuɗi kamar an ɗauko buhun siminti? Shekara goma sha takwas Dogo yana kawo mini leda a saman motar nan, ko guda ba ta taɓa ɓata ba.

Auta: Leda ai ba ruwanta da ruwa.

Inna: Yanzu na sani. Shi ma yanzu ya sani. Ya tsaya a ƙofar gida hula a hannu, dattijo da furfurarsa. Ban iya yi masa faɗa ba, ni na ce ya ɗora inda ya saba ɗorawa.

Auta: Yaushe za ki kai sabulun otal?

Inna: Alhamis da hantsi. Yau Litinin. Sabulu ɗari bakwai na nan jere a kan katako, sun bushe, ba rigar da za a sa musu. Matar ta ce ko leda ɗaya ta gani za ta mayar da kayan duka. Akwai wata mai sabulu da ke ta kai mata samfuri, da kwalinta da komai. In na saɓa wannan karon, shekara goma sha ɗaya ina kai musu kaya ta tashi a banza. Matan nan biyu kuma da me zan riƙe su?

Auta: Ba a samun kwali a kasuwarku?

Inna: Na aika an zagaya. Wanda ake samu mai ƙyalli ne, an shafe shi da roba. Matar takan kece kwali ta duba, na gan ta da idona.

Auta: To bari in kira masu kwalin ta ɗayar wayar. Riƙe layin.

Inna: Yi sauri, katin ba shi da yawa. Auta? Kin tafi ne?

Auta: Ga ni. Sun ce suna da guda ɗari bakwai, amma babu suna a jiki, bugawa sai mako guda. In muna so su fita yau, sai na ba su amsa kafin sha biyu.

Inna: Sunan ba ya wanke jiki, a bar shi. Ƙarfe nawa yanzu?

Auta: Sha ɗaya da kwata. Saura ta yadda za a kawo. Kamfani sun ce Laraba da yamma ya iso hannunki. In ya lalace su biya.

Inna: Su biya kwalin. Za su biya mini otal ɗin? Kuma nawa ne?

Auta: Na gaggawa ne yanzu, ya ɗara na wancan karon da rabi.

Inna: Wato in yi wata guda ina shaƙar soda, hannuna duk ya tsage, ribar ta tafi wa mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba.

Auta: Ribar wannan karon ce kawai za ta tafi. Otal ɗin zai zauna.

Inna: Dogo ya ce in za a sake, kyauta zai kawo. Gobe da asuba zai taso daga wajenku.

Auta: In motar ta tashi. Watan jiya kwana biyu ya yi a hanya yana jiran bakanike, ke kika ba ni labari.

Inna: Sau ɗaya ne.

Auta: Sau biyu, Inna. Kuma damina ce.

Inna: Ya ce a cikin mota zai sa, ƙarƙashin kujera.

Auta: Inda fasinja ke ajiye jarkar mai da takalma masu taɓo?

Inna: To a saya wa kwalayen kujera, su zauna kamar mutane.

Auta: Kina ganin za a bar kujera da kwali a kai mutum yana tsaye a tasha? Kafin a fita gari an ɗora wa kwalin mai goyo.

Inna: Kina da amsar komai. Da bakin nan naki ake naɗe sabulu da na huta. To, a ba wa kamfanin. Allah ya sa kada in yi da-na-sani.

Auta: Madalla. Ga fom ɗinsu na buɗe a ɗayar wayar. Sunan titi?

Inna: Wane titi? Ke ba a gidan aka haife ki ba? Bayan injin niƙa, gida na uku, mai jan ƙyaure.

Auta: Na sani, Inna, amma fom ɗin suna yake so da lambar gida.

Inna: An taɓa rubuta mana lamba da alli, ruwa ya wanke ta tun kina goye. Ki rubuta gidan mai sabulu. Ko akuyar unguwar nan ta san gidan.

Auta: Na rubuta, ya ƙi karɓa. Ya yi ja. Wai ba sa kai kaya unguwar da ba ta cikin taswirarsu.

Inna: Kin ji masu amanar taki. Za su karɓi kuɗin duniya, kuma ba su san hanyar gidana ba. Dogo ko a makance zai zo.

Auta: Za su iya ajiyewa a ofishinsu na babban gari, a je a ɗauko.

Inna: Tafiyar awa biyu. A ɗauko a ɗora a ina? A saman wata motar?

Auta: To a kai otal ɗin kai tsaye. Su ai suna da adireshi.

Inna: A'a.

Auta: Me ya sa? Laraba da yamma sai ki je ki karɓa, ku kwana kuna naɗewa.

Inna: Matar ta kira ni shekaranjiya, ta ce an shirya? Na ce an gama komai. Sabulun nake nufi, kuma na ɗauka kwalin yana hanya lafiya. Yanzu ta ga an sauke mata kwalaye ba komai a ciki, an ce nawa ne, me za ta ce? Ta ce tsohuwar nan ta fara ƙarya. Ni da ban taɓa ba ta sabulu ɗaya mai tauyayyen gefe ba.

Auta: Ki kira ta ki faɗa mata yadda aka yi.

Inna: Ita ma a ƙarƙashin wani take. Da ta ji akwai shakka za ta kira waccan mai sabulun, don kada ɗakuna su kwana ba sabulu. Ni ma da ni ce ita haka zan yi.

Auta: To Inna, ya za a yi? Sha biyu saura ashirin.

Inna: In na bi Dogo, ina kallon sama har Laraba. In na bi kamfani, na biya kuɗi na kuma tona wa kaina asiri. Tun jiya nake juya abin, ko'ina na taɓa sai ya rufta.

Auta: Sai an zaɓi ɗaya dai.

Inna: Wayar ta yi ƙara, katin zai ƙare. Ke ki zaɓa.

Auta: Ni? In na zaɓa ya ɓaci fa?

Inna: Zan yi miki faɗa.

Auta: In kuma ya yi daidai?

Inna: Zan samo abin da zan yi faɗa a kai. Amma ki zaɓa, Auta, ni na kasa. Sai dai kafin ki danna komai, ki tabbata...

Auta: In tabbata me? Inna? Halo, Inna?