Tela da Ƙaramin Yatsansa

A ɗakin jiran likita, wani mai bandeji a gwiwar hannu sai kai-komo yake yi, wata dattijuwa tana kallonsa.

"Ɗan nan, zauna mana, ka sa ni jiri. Karaya ce?"

"Jijiya ce ta matse, Inna, aka yi mini aiki. Sati uku ke nan ƙaramin yatsana bai farfaɗo ba, ni kuwa tela ne."

"Wa ya huhhuda maka shi haka?"

"Ni ne. Kullum da safe nakan soka masa allura, ko zan ji."

"Likita ne ya sa ka?"

"Shi haƙuri kawai ya ce. Masu ɗinki kuwa ba sa jira."

"Oho. Tunda nake ban taɓa roƙa wa mutum zafi ba. Allah ya sa gobe ka kurma ihu."

"Amin, Inna."