Ranar da Dauda Ya Yi Kukan Yunwa

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gaida Baba Fasto da dattawan ikilisiya da iyayena na zumuntar mata.

Sunana Rahila, matar Malam Iliya. Da yawanku kun fi sanin muryata a kan fuskata, domin ina karanta labarai a wani gidan rediyo a nan Kano. Yau ba labarin duniya na kawo muku ba. Labarin wancan yaron ne da ke kan cinyar kakarsa a layin gaba.

Dauda bakwaini ne. Ya yi makonni a kwalba a asibiti, da roba a hancinsa, ana ɗura masa nonon da nake tatsa. Da ya fara kama nono da bakinsa, aka cire robar, aka sallame mu. Na san an yi mana bayani ranar, amma murnar fita ta hana ni riƙe rabinsa.

Muka koma gidanmu a Fagge. Mama, mahaifiyar maigidana, ta zo daga Zariya don ta yi mini jego. Ta raini 'ya'ya, ta raini jikoki, hannunta ya san jariri. Ruwan wanka, kunun kanwa, farfesu, ba abin da na rasa.

Kuka yi ta zuwa barka daga Sabon Gari, Allah ya saka muku. Kuma kusan duk wadda ta leƙa shi, magana ɗaya take yi: "Kai, Rahila, kin yi dace! Yaro ba ya kuka. Wannan mai haƙuri ne." Har sunan ya bi shi, ana ce masa Mai-haƙuri.

Mama kuwa sai ta ɗaga shi ta ce, "Wannan mijin nawa malalaci ne. Ba cefane, ba hira, sai barci."

Maƙwabciyarmu, Hajiya Falmata, wadda katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma ta tsokane ni. "Maman Dauda, anya akwai jariri a gidan nan? Ko kun aro shi ne ranar suna kun mayar?"

Muka yi dariya. Ni kaina na durƙusa na gode wa Allah da ya ba ni yaro marar rigima.

Ga yadda shan nononsa yake a lokacin. In ya farka, in sa shi. Ya ja kaɗan, ya tsaya, idanunsa su rufe. In ce ya ƙoshi. Mu kwantar da shi, ya yi ta barci, mu kuma muna takawa a hankali kada mu tashe shi.

Wata rana Mama tana shanya, sai ta ce, "Ban taɓa jegon da ba wanki irin wannan ba. Kunzugunsa ma ba ya jiƙawa sosai." Yabonsa take yi. Amma maganar ta tsaya mini a rai. A wurin aikinmu, in rediyo ya yi shiru, ba wanda yake cewa an samu zaman lafiya. Kowa tashi yake yi a guje, domin wani abu ya lalace. Na san wannan a ofis. Ban taɓa kawo shi gida ba.

Washegari muka kai shi awo.

Nas ɗin ta ɗora shi a sikeli, ta duba katinsa, ta sake ɗora shi. Sannan ta ce, "Madam, yaronki baya ya yi. Yaya yake shan nono?"

Na ce, "Yana sha duk lokacin da ya nema."

Ta ce, "Yana nema?"



Ta zaunar da ni, ba faɗa, ba tsawa. Ta ce irin waɗannan jarirai ba su da ƙarfin kukan yunwa. Tsotson ma aiki ne a wurinsu, suna gajiya kafin su ƙoshi, gajiyar ta sa su barci, barcin ya ƙara musu rauni. Ta ce nonona ma zai ja baya tunda ba a shansa.

'Yan'uwa, abin da muke ta yabo, ashe yunwa ce! Ɗana yana ƙarewa a hannuna, ni kuwa ina godiya da shirunsa.

Ba su bar mu mun tafi ba sai da likita ya duba shi, aka kuma koya mini abin yi. In tashe shi duk bayan awa biyu, ko ya nema ko bai nema ba. In sa shi a nono, in ya gaji in tatsa a ƙaramin kofi, in tallafe shi a zaune, in karkata kofin har nonon ya taɓa leɓensa, ya lasa da kansa. Kada in ɗura. In kuma riƙa ɗaure shi a ƙirjina, fata da fata. Aka ce mu dawo cikin 'yan kwanaki. In bai ƙaru ba, sai kwanciya, sai robar hanci kuma.

A asibiti abin ya yi kama da mai sauƙi. A gida ba haka ba ne.

Da farko Mama ta ƙi. Ta ce, "Tun da nake ban taɓa jin an tada jariri daga barci ba. A barci suke girma. Kuma wane irin goyo ne wannan a gaba? Bayanki ciwo yake yi?"

Maigidana ya tsaya tsakanin uwarsa da matarsa, ya ce, "Mama, mu gwada na asibitin tukuna." Ta bar mu, amma ba ta yarda ba. Ban ga laifinta ba. Duk 'ya'yan da ta raina cikakku ne, masu ƙarar murya.

Na gwada. In tashe shi, ya ƙi tashi. In sa kofin, nonon ya gangaro ta gefen baki ya jiƙa wuyansa. Nonon da na sha wahalar tatsa, ɗan kaɗan ne, ina kallo yana bin tsumma. Sau ɗaya na yi gaggawa na karkata da yawa, ya ƙware, fuskarsa ta sauya. Ko a nan bai yi kuka ba. Ni ce na yi.

Da azahar ne, maigidana yana makaranta. Na ajiye kofin, na zauna a ƙasa da yaron a hannuna. Ni da nake cin abinci da magana, na nemi kalmar addu'a na rasa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Yesu, ka sa ya yi kuka. Ka sa ya yi kuka."

Sai na ji Mama ta durƙusa kusa da ni. Ta karɓe shi, ta warware zanen, ta daɗe tana kallon haƙarƙarinsa. Ta ɗora hannu a kansa ta ce, "Ubangiji, mu mun ga haƙuri, kai ka ga yunwa. Abin da ban sani ba, ka koya mini, ko da na tsufa. Ka buɗe bakin yaron nan."

Muka ce amin. Ba wata walƙiya da ta sauko.

Mama ta share ido ta ce, "Ɗauko kofin. Ke ki riƙe, ni zan tashe shi." Ta shiga sosa masa tafin ƙafa tana cewa, "Tashi, malalaci! Wace mace ce za ta zauna da mijin da ba ya cin abinci?" Ya yamutsa fuska, ya buɗe ido. Na sa kofin a leɓensa. Sai ga ɗan harshensa ya fito. Ya lasa. Na ga maƙoshinsa ya motsa. Ya haɗiye!

Daga ranar, matar da ta ce ba a tada jariri ta zama sarkin tashi. Ko gyangyaɗi na fara sai in ji, "Rahila, lokacin mijina ya yi." Maigidana ya sayo yadi mai taushi a Kantin Kwari, muka riƙa ɗaure Dauda a ƙirji. In na gaji, uban ya cire riga ya karɓa. Mama ta dube shi ta ce, "Iliya da goyo! Da ubanka na raye da ya sha kallo."

Ba zan ce muku komai ya gyaru nan take ba. Akwai ranakun da rabin nonon ya zube. Amma da muka koma awo, sikelin ya motsa kaɗan. Nas ta ce mu ci gaba. Muka sake komawa, ya ƙara motsawa. Ba a mayar da robar ba. Nonona ma ya dawo.

Wata safiya ina banɗaki, Mama na tsakar gida tana dama kunu, lokacin tashinsa bai ma yi ba. Sai na ji wata ƙara siririya, mai kaifi. Na zaci kyanwa ce a kan katanga. Ƙarar ta sake tashi, da fushi a cikinta.

Daga ɗakinmu take fitowa.

Na fito da kumfa a jikina. Mama ta yar da ludayi ta rangaɗa guɗa. Hajiya Falmata ta faɗo gidan ba ko sallama, mayafi a hannu, tana cewa, "Lafiya? Me ya faru?"

Mama ta ce, "Yunwa yake ji, Hajiya! Da bakinsa ya faɗa!"

Hajiya ta tsaya ta saurara, ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe dai da gaske akwai jariri a gidan nan."

Na sa shi a nono, ya kama da ƙarfi har na ji zafi. Ban taɓa jin zafi mai daɗi irin wannan ba. Yabo ga Ubangiji!

Iyayena mata, in kun je barkar bakwaini kuka tarar yana ta barci, ku tambayi uwar yaushe ya sha, kuma yaushe za a kai shi awo. Ke kuma da kike zaune yau da kofi a hannu, nono yana zuba, zuciyarki tana karaya, kada ki daina zuwa asibiti, kada kuma ki daina kiran Yesu. Wanda ya ji yunwar yaron da ba shi da murya, zai ji taki addu'ar ko ba ta da kalmomi.

To, ga shi nan kun ji ya fara. Na ga 'yar'uwarmu mai kula da ƙofa ta taso za ta fitar da shi waje, kamar yadda aka saba. Don Allah, 'yar'uwa, yau kaɗai ki bar shi. Wannan kukan roƙonsa na yi.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga Allah, cikin sunan Yesu. Amin. Mama, miƙo mini shi.