Wa Zai Raka Habu Lise?

Mai gabatarwa, barka da aiki, Sani ne daga unguwar Ridina. Masu sauraro, yaronku ya ci jarrabawar birebe ta gama ƙaramar sakandare, wato koleji, me kuka yi masa bayan "mabruk", wato barka?

Ƙanena Habu da Eli, ɗan maƙwabciyarmu, tare suka gama koleji. Ranar Lahadi Maman Eli ta ce mini, "Ɗana, zo ka gani." Ni Musulmi ne, amma son sani ya kai ni ƙofar cocinsu. Fasto ya kira masu shiga lise, wato babbar sakandare, da sunayensu, aka yi musu addu'a, aka haɗa kowanne da babban ɗalibi mai kula da karatunsa. Faston ya ce, "Allahn da ya raka ku koleji ba zai tsaya a ƙofar lise ba."

Habu fa? Kawu ya miƙa masa makullin shago, wai boko ya isa haka, kalas, shi ke nan! Ni a jikin kwalayen kaya na koyi karatu, na san zafin abin.

Ina Kiristoci suka samo wannan tsari, kuma me ya hana mu? Malamanmu da manyan kasuwa, ku bugo waya ku amsa kowa ya ji: wa zai raka Habu lise?