Bangon Gabas na Inna Gaji

Mai girma shugaban taro, Alhaji Mailafiya, dattawan ƙungiyar magina ta Dutse, iyayenmu mata da ke zaune can baya, 'yan'uwana masu cokali da kwano, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka kira ni, ni Barau, wanda sakandare kawai ya gama, ita ma da ƙyar. Da ɗaukar kwanon siminti na fara, yau a unguwar Takur kaɗai gidaje arba'in sun fito daga hannuna, ba wanda ya ɗaga ni sai Allah. Kun ce in faɗi yadda mutum zai yi idan ayyuka suka taru masa a ka. To, ku saurara.

Na farko, mai yawan kiran waya ba shi ne mai gaggawa ba. Wata damina ina da gini huɗu a lokaci guda, wayoyi uku a aljihu, kowane mai gida yana ihu. Sai Inna Gaji, yayar mahaifiyata wadda ta raine ni, ta aiko daga ƙauyenmu kusa da Garki. Ta ce, "A gaya wa Barau bangon gabas na ɗakina yana zubar da ƙasa, ko babu iska." Na ce gobe. Ta sake aikowa, na ce gobe. Ba ta aiko na uku ba, ba halinta ba ne.

Ranar wata Alhamis na loda bulo da siminti na tafi. Na isa da la'asar, bangon kuwa ya faɗa mata da azahar, tana kan sallaya. Ƙwaryar furarta na gefe a rufe, ko ƙura ba ta shiga ba. A ragowar bangon na ga zane-zanen gawayi a jere. Maƙwabciyarta Larai ta ce, "Alhaji, kullum da safe take jan ɗaya, ta ce yau kana tafe." Na ƙirga. Goma sha tara.

Na biyu, ba zan ɓoye muku ba. Tun daga ranar, duk sa'ad da ayyuka suka rufe ni, sai in ji ƙasa tana zuba, siririya, a bayan kunnena. Da rana tsaka, a gidana na siminti! Na duba bangon da kaina, babu tsaga ko ɗaya. Ba ta dainawa sai na ajiye wayoyin, na tambayi kaina: cikin ayyukan nan, wanne ne zai faɗa kan mutum idan na bar shi? Shi nake yi, shi kaɗai, sauran su jira.

Na uku, shugaba ka yi mini afuwa. Tun da na tsaya nan nake jin ƙasar tana zuba. Iyayenmu mata, don Allah ku taso daga jikin bangon nan, ku dawo gaba, a hankali. Motata tana waje da kayan aiki. Da an shafa addu'a za mu fara gyaran bangon, yau ɗin nan.

Allah Ya jiƙan Inna Gaji, Ya gafarta mini, Ya nuna mana abin da ya kamata mu fara da shi tun da sauran lokaci, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.